Turancin Fim da Turancin Malam Mujitaba

Wallahi yau ban san ta inda zan fara muku ba. Sau uku ina rubuta layin farko ina gogewa, don abin da ya faru jiya Asabar bai bar ni na nutsu ba. Waɗanda suka saba karanta ni sun san ba ni da ɓoye-ɓoye. Waɗanda kuma yau suka fara cin karo da ni, sunana Shamsiyya Dauda, shekarata ashirin da huɗu, haifaffiyar Tiga. In ka hau turmi a tsakar gidanmu kana hango ruwan dam. Babana da masunci ne, da gwiwa ta hana shi shiga kwalekwale sai ya koma noman rani, tumatir da albasa. Na gama NCE shekara biyu ke nan, takardar tana ƙasan akwatin Inna cikin leda.

Turancin da ke bakina kuwa, in faɗa muku gaskiya, ba a aji na samo shi ba. A waya na samo shi. Ina wanke-wanke, abin ji yana kunnena, fim ɗin Amurka yana tafiya. Ina tsintar shinkafa, haka. Har ƙawayena suka laƙaba min 'Yar Amurka, ni kuma kaina ya fashe.

Sai kuma Malam Mujitaba. Malamin Turanci ne a wata sakandare a Dangora, wata takwas ke nan yana zuwa wurina. Dogo ne siriri mai gilashi, kullum da biro biyu a aljihun gaba, ja da shuɗi. Saƙonsa na safe ba ya canzawa: "Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, da su Baba da Inna." Har da aya a ƙarshe. Ni kuma in mayar masa da "wslm lfy lau ykk". Ina son shi, kada ku ce ban faɗa ba. Amma bawan Allahn nan wata takwas bai taɓa furta kalmar aure ba. Innata, Dije, abin ya fara isar ta.

"Wai shi malamin nan," ta ce min rannan tana tankaɗe, "karatu yake zuwa koya miki ko kuwa nema yake yi? Sa'o'inki duk sun yi goyo. In ba shi da ta cewa ya ba wasu wuri."

Na ce, "Inna ki yi haƙuri, shi komai nasa a hankali yake yi."

"A hankali har ki yi furfura?"

To ana cikin haka, ranar Lahadin da ta wuce wata sanarwa ta shigo zauren WhatsApp na 'yan ajinmu. Wata ƙungiya da ke koya wa mata noman rani da famfon sola tana neman tafinta mace. Injiniyarsu Baturiya ce daga Amurka, ba ta jin Hausa ko kaɗan. A tura wasiƙa kafin Talata, a zo ganawa ranar Alhamis a Tudun Wada. Jama'a, na daka tsalle har ɗankwalina ya faɗi. Baturiyar Amurka? Ai ni aka yi wa aikin nan!

Nan take na zauna bakin gado na rubuta wasiƙa a waya. Har yanzu ina tuna layin da na fi alfahari da shi: "I wanna work with you guys cos I'm gonna give it my best." Na karanta da ƙarfi, na ji kamar ni ce jarumar fim. Sai na ce bari in tura wa Malam, ya ga irin budurwar da Allah ya ba shi.

Minti biyu ba a yi ba ya kira.

"Shamsiyya, kin tura musu wasiƙar nan?"

"Tukuna dai. Ta yi kyau ko?"

Na ji ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi. Kada ki taɓa komai. Ina nan tafe bayan la'asar."

Ƙarfe huɗu da rabi na ji tsayuwar babur ɗinsa. Na sa doguwar rigata ruwan toka da mayafi mai ɗan duwatsu a baki, na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, na kawo zoɓo mai sanyi da soyayyen kifi. Ko kallon kifin bai yi ba. Ashe ya kwafe wasiƙar tawa kaf a littafi, ya bi ta da jan biro. Takarda ta yi ja kamar an yanka kaza a kanta.

"Malam, duk wannan kuskure ne?"

"Ba kuskure ba ne duka. Wuri ne bai dace ba." Ya gyara gilashi. "In za ki gaida Baba da safe, me kike cewa?"

"Baba ina kwana, an tashi lafiya?"

"In kuma ƙawarki Safiya ce ta kira ki?"

"Ke, ya ne?"

"To gobe da safe ki durƙusa ki ce wa Baba 'ya ne'."

Na fashe da dariya har na ƙware. Na hango fuskar Baba kawai.

"Ai kin gani," ya ce. "Duka Hausa ce. Babu wadda ba daidai ba. Turanci ma haka yake, hawa uku ne." Ya ja layi uku a littafin. A na sama ya rubuta "I am going to", a na tsakiya "I'm going to", a na ƙasa "I'm gonna".

"Na saman nan babbar riga ce. Da ita ake rubuta wasiƙar neman aiki da rahoto, kowace kalma a cike. Na tsakiya, inda aka haɗe kalma biyu aka sa ɗan waƙafi a sama, su 'I'm' da 'don't' da 'we'll', kaftani ne. Za ki iya faɗa a gaban kowa, har shugaban wurin aiki, ba wanda zai ga rashin ladabi. Na ƙasan kuwa, su 'gonna' da 'wanna' da 'lemme' da 'dunno', singileti ce. A ɗaki ake sa ta, tsakanin abokai."

Na turo baki. "Amma ai su masu yaren haka suke faɗa. Da kunnena nake ji kullum."

"Da bakinsu, a tsakaninsu. Ita Baturiyar da kike ɗoki, in ta zauna rubuta wa ofishinsu takarda, ba za ta rubuta 'wanna' ba. Wannan Turancin 'yan fim ne, Shamsiyya. Wanda ya karanta wasiƙar nan zai ce yarinyar ba ta san abin da take yi ba."

Hmm. Maganar nan ta soke ni. Shekara nawa ina taƙama da abu, mutum ya zo ya kira shi singileti! Na ce, "To mun gode, mai Turancin littafi." Na kau da kai ina kallon awaki.

Sai ya ce a hankali, "So nake ki samu aikin nan. Shi ya sa."

Ku faɗa min, wa zai ci gaba da fushi bayan wannan? Muka zauna muka sake wasiƙar tun daga farko. "I would like to apply." "I am confident that." Ni nake faɗa, shi yana girgiza kai ko ya gyaɗa. Da zai tafi ya ɗauki kifi ɗaya, ya ce, "Ranar ganawa ki tsaya a hawa na tsakiya. Kada ki cika komai da komai, sai ki zama kamar mai karanta sanarwa."

Wannan ƙarshen ne ban saurara ba. A raina na ce tunda babbar riga ta fi daraja, ai babbar riga zan sa daga sama har ƙasa, ya ga ni ma na iya. Kwana uku ina zagaye tsakar gida da tsintsiya ina maimaitawa: "I do not. I cannot. I will not."

Inna ta leƙo daga madafa. "Ke wai da wa kike faɗa tun safe?"

"Gwaji nake yi, Inna."

"To wannan gwajin naki kamar mai rantsuwa a gaban alƙali."

Da na saurari Inna ma da na huta.

Ranar Alhamis tun bayan asuba na yi wanka. Na ɗauko atamfata shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket da na yi da ƙaramar salla, na kafa ɗauri, na yafa farin mayafi. Hoda kaɗan, kwalli, ban sa jan baki ba. Inna ta turara min mayafin, ta tofa min addu'a a tafin hannu ta ce in shafa. Baba yana ɗaura buhun taki a keke ya ce, "Allah ya ba da sa'a. Ki yi magana da ladabi." Saƙon Malam ya shigo ina cikin mota wajen Kwanar Dangora: "Ki nutsu. Kin iya. Ina aji amma zuciyata tana Tudun Wada." Sau biyar na karanta. Matar da ke kusa da ni har ta fara leƙen wayar.

Mu huɗu ne muka zo. Biyu irina ne masu NCE, ɗayar kuwa mai digiri ce daga birni, da jaka mai tsada da takardu cikin fayil. Da na gan ta sai na raina kaina.

Aka fara kiran mu ɗaya bayan ɗaya. A ofishin akwai shugaban shirin, wani dattijo mai fara'a da ake kira Malam Tasi'u, sai Baturiyar. Na zaci zan ga mace cikin kwat. Ina! Wata 'yar gajera ce mai furfura, da takalmin roba duk laka, fuskarta ta yi ja saboda rana.

Ta yi murmushi ta ce, "Hi! How're ya doin'?"

Na miƙe wuya na ce, "I am doing very well. I thank you."

Ta ɗan ɗaga gira. "You're not nervous, are ya?"

"I am not nervous. I do not fear. I will not disappoint you."

Wayyo Allah! Sai da kalmomin suka fita na ji yadda suka yi nauyi, kamar ina jifan ta da duwatsu. Ta kalli Malam Tasi'u da alamar tambaya, wato ko wani abu ta yi min. Shi kuwa ya danne dariya ya ce da Hausa, "Malama Shamsiyya, saki jikinki. Ba kotu ba ce."

Kunya kamar in nutse. Sai a lokacin na tuna hawa na tsakiya. Na ja numfashi na ce, "I'm sorry, ma. I'm a little nervous. It's my first interview."

Ta yi dariya ta ce, "There you are!" Daga nan magana ta warware. Ta tambaye ni ko na san noman rani. Na ce a cikinsa na tashi, na ba ta labarin lambun Baba, da yadda injin fetur ke wahalar da shi, da yadda mata a garinmu ke ɗiban ruwa da bokiti su bi kunya-kunya. Ban ce "gonna" ba ko sau ɗaya, ko da yake sau biyu tana zuwa har bakin leɓena in haɗiye.

Na fito ina cewa shi ke nan, na ɓata farko na gyara ƙarshe, sai yadda Allah ya yi. Ashe babban gwajin yana gaba.

Aka fita da mu bayan ofis. Ga rijiya, ga famfon, ga faifan sola guda huɗu an jingina su suna ƙyalli. Manoma mata uku suna zaune a benci. Babbarsu wata tsohuwa ce mai bakin magana, Iya Kande, da goro a kumatu. Malam Tasi'u ya ce Baturiya za ta yi bayani, kowacce a cikinmu ta fassara wa matan na minti biyar.

Mai digiri aka fara kira. Baturiyar ta durƙusa gaban famfo, hannu cikin laka, ta manta da wani gwaji, ta shiga zuba kamar tana hira da 'yar uwarta.

"Okay, so we're gonna hafta wipe these panels every mornin', 'cause if ya don't, it's not gonna pump."

Mai digiri ta ce, "Pardon?"

Aka maimaita mata, da sauri kamar na farko. Baiwar Allah ta juya ga matan ta ce, "Ta ce... a kai shi gona. Sau biyu ta ce gona."

Iya Kande ta tofar da goro. "To da ina za mu kai shi, ɗaki? Ai mun san gona za shi. Me za mu yi masa a gonar?"

Na cije mayafina don kada dariya ta kuɓuce. Kuma wallahi ta ba ni tausayi, don Turancinta a ofis ya fi nawa tsafta nesa ba kusa ba. Kunnenta ne kawai bai saba da yadda suke haɗiye kalmomi ba. Sauran biyun ma haka aka yi ta fama, rabi a kama rabi a yi cikon baki.

Sai aka ce, "Shamsiyya Dauda."

Jama'a! Da matar nan ta buɗe baki, sai na ji kamar na sa abin jina ina wanke-wanke. "Lemme show ya." Bari in nuna muku. "You gotta keep this end under water." Dole wannan bakin ya zauna cikin ruwa. "Ya don't hafta buy fuel." Ba sai kun sayi mai ba. Tana faɗa ina juyawa, ko numfashi ba na jira. Matan suka gyara zama. Iya Kande ta fara jefo tambayoyi, ina mayar wa Baturiya da Turancin kaftani, a nutse. Minti biyar ya wuce ba wanda ya tsayar da mu.

Can ta kunna famfon, ruwa ya fara feshi yana ƙara, ta ɗaga murya ta faɗi wata magana. Abin da kunnena ya kama shi ne "you can run it dry", wato ana iya kunna shi ko babu ruwa. Ɗazu ma ta faɗi irinta, ɗaya daga cikin 'yan uwana masu neman aikin ta fassara haka, aka wuce. Amma ni na san mutanen nan, in suka ce "can't", ƙarshen kalmar a maƙogwaro yake maƙalewa, da ƙyar ake bambanta shi da "can". Kuma ni 'yar mai lambu ce. Na taɓa ganin injin Baba ya ƙone saboda ruwa ya janye.

In na tsayar da ita, za a ce ban ji ba, kamar sauran. In na wuce kuma na faɗi ba daidai ba, matan nan su je su ƙona famfo. Na kalli Iya Kande, ta zuba min ido tana jira.

Na ɗaga hannu. "I'm sorry, ma. Do you mean can, or cannot?"

Baturiyar ta kashe famfon tsit. "Cannot! Oh my goodness. Cannot. Never."

Na juya na ce, "Iya, ta ce kada ku kuskura ku kunna shi in babu ruwa a rijiya. Ƙonewa zai yi."

"Yauwa!" Iya Kande ta buga cinya. "Ni fa ɗazu da aka ce ana iyawa na ce wannan wane irin inji ne. Malam, wannan yarinyar ita muke ji. Ku bar mana ita."

Baturiyar ta goge hannunta a wando ta kama nawa ta girgiza, laka da komai. Ta ce wa Malam Tasi'u tafintan da zai tsaya ya tambaya shi take nema tun da ta zo ƙasar nan.

Bayan azahar aka sake kira na ofis ni kaɗai. Malam Tasi'u ya miƙo min takarda. Na samu! Ni, Shamsiyya, na samu aiki! Na ga haruffan sunana suna rawa saboda hawaye. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ki sani, aikin a Doguwa ne. Wata shida, can za ki zauna. Ki kai wa mahaifinki ya sa hannu, ki dawo mana da ita ranar Alhamis mai zuwa. In ba ta dawo ba, dole mu ba wadda ta zo ta biyu aikin."

A lokacin ko a jikina. Ina fita ƙofa na danna kiran Malam.

"Na samu! Malam na samu! Wallahi na samu!"

"Allahu Akbar!" Na ji ɗalibai suna dariya a bayansa, ashe a tsakiyar aji ya ɗauka, shi da ba ya taɓa waya a aji. Ya fita waje. Na zazzage masa komai, har da gona, har da "cannot". Ya yi ta dariya, sannan ya ce, "Shamsiyya, zan faɗa miki wani abu. Da ni aka tsayar a gaban matar nan, da na faɗi. Ni in suna magana a fim, rabi nake kamawa sai an sa rubutu a ƙasa. Na raina abin da kika iya. Ki yafe min."

Na tsaya cak a bakin titi, masu babur suna ta yi min hon. Na ce, "Ni ma ba don jan bironka ba, ko kira na ba za su yi ba."

"A ina ne aikin?"

"Doguwa. Wata shida."

Nan take dariyar ta ɗauke daga muryarsa.

"Baba ya sani?"

"Tukuna."

"To," ya ce. "Allah ya kai ki gida lafiya."

A gida Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Da na ambaci Doguwa sai guɗar ta tsaya a rabi, ta nemi kujera ta zauna. Baba ya dawo daga lambu, ya wanke ƙafa, ya sa na karanta masa takardar na fassara layi-layi. Ya sa min albarka. Sannan ya ninke ta ya ajiye a gefen tabarma.

"Budurwa, ita kaɗai, wata shida, har sai an ratsa dajin Falgore. A gidan wa za ki zauna? Wa na sani a can? In ciwo ya kama ki wa zai kira ni?"

"Baba, akwai masauki na ma'aikata..."

"Ban ce a'a ba. Ban kuma ce e ba."

Duk wanda ya san Baba ya san wannan ya fi kusa da a'a. Ranar Juma'a ko abinci ban iya ci ba. Na tura wa Malam saƙo uku, amsa ɗaya ya ba ni: "Ki yi haƙuri zuwa gobe."

Jiya Asabar bayan la'asar na ji babur. Na leƙa ta kafar ƙofa, sai na ga abin da ban taɓa gani ba: Malam Mujitaba cikin farar shadda mai aiki da hula zanna, yana ta goge zufa. Bai kira wayata ba. Sallama ya yi da Baba.

Suka zauna a zaure. Ni da Inna muka lallaɓa muka maƙale a bayan ƙofa, kunnena a jikin katako, Inna ta dafa kafaɗata.

Bayan doguwar gaisuwa Malam ya ce, "Baba, na ji maganar aikin Shamsiyya. Ina da yaya a Doguwa, Fatima, ungozoma ce, tana zaune da mijinta da 'ya'yanta. Na yi magana da su jiya. Sun ce in Baba ya yarda, ta zauna a wurinsu, akwai ɗaki."

Baba ya yi gyaran murya. "Madalla. An gode. Amma Malam, in tambaye ka. 'Yata za ta zauna gidan yayarka a matsayin wa? In mutanen Doguwa suka tambaya wace ce wannan, me za a ce musu?"

Inna ta matse min kafaɗa har na ji zafi.

"A matsayin..." Malam ya tsaya. Ya sake farawa. "A matsayin wadda nake nema da aure, Baba, in an ba ni. Tun tuni nake so in faɗa. Nauyi ne ya hana ni."

Na toshe bakina da mayafi. Inna kuwa ta ɗaga hannu sama tana motsa leɓe.

"Wannan ba maganar da za ka kawo da bakinka ba ce," Baba ya ce, amma na ji murmushi a muryarsa. "Kana da manya?"

"Akwai Kawu Ɗayyabu a Badafi, shi ne a madadin mahaifina."

"Ka turo min shi ranar Laraba. In na ji daga bakinsa, sai in ɗauki biro." Sai ya ɗaga murya. "Dije! Ke da 'yarki in kun gama saurare, a kawo wa baƙo ruwa."

Inna ta yi baya da gudu har ta yi tuntuɓe da buta. Ni aka tura da kofin. Na shiga na durƙusa, rabin ruwan ya zube a tabarma. Malam ya kafe idonsa a ƙasa kamar mai neman allura.

"Shamsiyya," Baba ya ce, "kin ji abin da ya faɗa. Ke fa?"

Na gyaɗa kai.

"Ban ji ba. An ce min ke ce mai fassara wa Turawa magana. Yau kuma bakin ya mutu?"

"Na amince, Baba."

"To tashi ki je."

Na fito, na wuce Inna, na shige ɗaki na faɗa kan gado na cusa fuska cikin filo na yi ihu son raina.

Yanzu ga inda muke. Takardar aiki tana ƙarƙashin filon Baba, ba sa hannu. Alhamis da safe dole ta isa Tudun Wada. Ɗazu Malam ya kira ni daga kan hanyar Badafi, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya isa gidan Kawu Ɗayyabu ya tarar ya tafi ta'aziyya wani ƙauye tun shekaranjiya, wayarsa ba ta shiga, kuma ba wanda ya san ranar dawowarsa.

Na ce, "To yanzu ya za a yi?"

Ya ce, "Na sha mai na cika tanki. An kwatanta min ƙauyen. Ko a bayan babur ne, ranar Laraba zan sauke shi a ƙofar gidanku."